Kunnen Muhsina na Hagu

Shafi na 17

Assalamu alaikum. Masu yi mini tsiya a ƙasan shafi na sha shida, wai tsoho ya bar ku a rataye, na gani kuma na yafe. Waya ce ta mutu, mai cajin bakin tasha kuma ya tafi ɗaurin aure Gummi da makullin shagonsa a aljihu. Hajiya Lubabatu ta Bukkuyum, ke da kika ce na cika kwane-kwane, yau zan yi ƙoƙari.

Ranar Talata ce da hantsi. Mu uku muka shiga falon Alhaji Halilu a Anka, da jakar tafiya a hannu: ni Nuhu mai gyaran rediyo, da 'yata Maimunatu, da jikata Muhsina, wadda ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya.

Takarda ɗaya muka zo karɓa.

Duk abin da makaranta ta nema Muhsina ta kawo. Sakamakon sakandare mai kyau, da Turanci da Lissafi da Fiziks a ciki. Shekarunta sha tara. Ta ci ta rubutu, ta ci ta baki. Saura shaidar likita, kuma ba kowane likita ba, sai wanda hukumar jiragen sama ta yarda da shi. Ni na raka ta Kaduna makon jiya.

Na ga abin mamaki a wurin nan. An buɗe mata wani littafi, babu harafi ko ɗaya a ciki, sai ɗige-ɗige masu launi kamar bayan ƙwan zabuwa. Ni na leƙa ban ga komai ba. Ita ta ce, "Saba'in da huɗu." Aka juya, ta ce, "Shida." Ashe lambobi ne a ɓoye, mai lafiyar ido kaɗai suke fito wa. Aka auna zuciyarta da wayoyi, aka ɗebi jini, duk lafiya.

Sai aka sa ta a wani ɗan ɗaki mai bangon soso, aka ɗora mata abin saurare a kai, aka ce duk sanda ta ji ƙara ta danna. Da aka gama na roƙi likita ya bar ni in shiga ko na minti ɗaya. Wallahi shirun da ke cikin ɗakin nan ban taɓa jin irinsa ba, har tafiyar jinina na ji. Na ce a raina, ƙila haka can saman gajimare yake.

Kunnen dama ya wuce. Na hagu bai kai layin da ake so ba.

Likita ya dube ta ya ce, "Daga Anka kike. An taɓa samun gubar dalma a jininki kina ƙarama?"

Muhsina ta zaro tsohon katinta na gwajin jini na shekarar 2010, wanda likitocin agaji suka bayar lokacin da yara ke mutuwa a Dareta da Yargalma. Kati ya ce jininta tsaf yake.

Likita ya juya katin, ya sake juyawa. Ya rubuta mata takarda zuwa wani asibitin kunne da ke can Kaduna, a sake gwajin ranar Laraba da safe a kawo masa. In na hagu ya kai layi, ta samu shaida. In bai kai ba, maganar jirgi ta ƙare.

Wannan takarda ce Alhaji Halilu ya karɓa tun ranar Lahadi, wai zai sa a yi mata kwafi. Shi ne ƙanin mahaifin Muhsina marigayi, dillalin zinari, kuma shi ya ɗauki nauyin kuɗin makaranta, miliyan ashirin da ɗoriya na shekara biyu. Tuni ya sa an zana jirgi a bayan tifarsa, an rubuta BAFFAN KYAFTIN a ƙasa.

Mun same shi yana cin kan rago. Maiƙo har gwiwar hannu.

"Baba, ku zamna," ya ce da ni. "Tahiyar nan an ɗage ta."

Muhsina ta durƙusa ta gaishe shi. "Baffa, gobe da ƙarfe tara ne. In ba mu kama motar Gusau yanzu ba, dare zai yi mana a hanya."

"Ke dai zamna, Kyaftin."

Muka zauna. Ya tsotse wani ƙashi har ya yi ƙara, ya jefa a faranti.

"Na yi tunani," ya ce. "Wanga gwaji, mi ake yi cikinai? Ba a sa mutum ɗaki a ce ya danna ba?"

"Haka ne, Baffa."

"Ɗakin ya san sunan mutum?"

Ya nuna Muhsina da yatsa.

"Ke da Fa'iza, wa ke rarrabe ku in ba ɗan gida ba? Tsawo ɗaya, hanci ɗaya. In ta sa hijabi da takunkumin hanci, ko ni da na haife ta sai na duba sau biyu. Kuma kunnenta, ko sauro ya yi tari a Gusau tana ji."

Ya yi dariya shi kaɗai, haƙorin Makkansa yana ƙyalli, da zaren nama a maƙale gefensa.



"Alhaji," na ce, "wasa kake ko?"

"Baba, ku tsaya ga rediyo. Wannan harka ce ta manya."

Muhsina ta karkata kanta, ta miƙo gefen dama, yadda take yi tun tana yarinya. A gida har tsokanarta muke yi da haka. Ni nakan ce, "Amaryata ta fara sauraren sama," don kamar tsuntsuwa take yi in ta ji motsi. Duk jirgin da zai ratsa saman Anka, ni da ita muke fita mu bi farin layinsa da ido har ya narke.

"Baffa, ban gane ba. Fa'iza ta shiga da sunana?"

"Minti goma. Ta danna, ta danna, ta hito. A ba mu takarda, ki tahi Zariya."

"In na je Zariya da wane kunne zan ji?"

"Kunne biyu Allah ya ba ki. Ɗaya bai isa ba?"

"Baffa, matuƙi da kunne yake sauka. Mutumin hasumiya yana gaya maka ka sauko, ko ka dakata, ko ka juya hagu akwai wani jirgi a gabanka. Ga ƙarar inji. In ya ce sha biyar na ji hamsin fa?"

"Ba ku biyu ne a gaba ba? Na gani da zan tahi Umara. Ɗayan ya ji miki."

"Da mutum ɗari da hamsin a bayana?"

"Kowa da kwanansa."

Ya faɗi haka yana lasar yatsa.

Muhsina ta ce, "Kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Matuƙi kullum cikin zuwa wurin likita yake, duk shekara, har ya bar aiki. Fa'iza za ta yi ta bina har mu tsufa?"

"Kowace shekara da dabararta. Ke yarinya ce, ba ki san duniya ba. Ni na riga na hwaɗa ma kowa. Ranar Juma'a gaban masallaci anka kira ni Baffan Kyaftin. Yanzu in koma in ce musu mi? Kyaftin kurma ce?"

"Ba kurma ba ce," na ce. "Likita ya ce kaɗan ya rage ta kai layi. Ya ce wani lokaci ko mura tana rage ji. A bar ta ta gwada da kunnenta."

"In ta hwaɗi fa, Baba? Ku za ku goge zanen tifa?"

Duk wannan magana Maimunatu tana zaune a ƙasa kusa da ƙofa, ta dunƙule bakin hijabinta a hannu. 'Yata ba mai magana ba ce. Shekara goma sha biyar tana cin abincin gidan Halilu, ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba.

Halilu ya juya wurinta. "Maimuna, yi ma ɗiyarki magana. Ai ba yau anka fara ba. Wancan karon mi ya faru? Ba ga ta nan ta girma ba?"



Muhsina ta ce, "Wane karo?"

Halilu ya ja kwanon wanke hannu. "Ba da ke nike ba."

"Inna, wane karo?"

Maimunatu ta ɗago. Idonta a bushe yake, na fi son da kuka take yi.

"Alhaji, kai ka buɗe. Ni na rufe shekara goma sha biyar, kai ka buɗe da bakinka."

"Maimuna, ki kiyaye ni."

"Muhsina, katin nan da kike ɗauka ko'ina. Ba jininki ba ne."



"Inna, sunana ne a jiki."

"Sunanki ne. Jinin ba naki ba ne."

Ta gyara zama, ta yi magana a hankali kamar mai karanta wasiƙa.

"Muna Tungar Sharu lokacin, bayan Dareta. Babanki bai yi wata biyu da rasuwa ba, ina cikin takaba, ba ni hita ko ƙofar gida. Injin niƙan dutsen zinari na Baffanki yana bayan ɗakina. Dare da rana ƙura. Kan tuwo ƙura, kan shimfiɗa ƙura. Ke da ƙaninki Usama cikinta kuke wasa, kuna yin tuwon ƙasa da ita kuna ci."

"Na san Usama ya rasu da zazzaɓi."

"Ba zazzaɓi ba ne. Sanƙarewa ya yi ta yi a hannuna kwana biyu, kamar sauran yaran Dareta. Bayan kwana tara anka yi shela a kai duk ƙananan yara a ɗebi jininsu, wanda anka samu da gubar a ba shi magani kyauta. Ni ba ni da ikon hita. Na yi miki wanka, na sa miki rigarki mai ɗigo-ɗigo, na miƙa ki ga Baffanki."

Halilu ya miƙe tsaye. "Ya isa!"

"Zamna, Halilu," na ce. Ban san sanda na jefar da Alhajin ba.

Maimunatu ba ta ko dube shi ba.

"Da la'asar ya maido ki da kati da alewa. Ya ce an duba, ba ki da komai. Na yi sujada a tsakar gidan nan, cikin ƙurar nan. Sai bayan na hita takaba, wata Bahillata mai kawo muna nono, Yalwa, ta ce mani, 'Maimuna, ki yi ma Alhaji godiya, turmin atamfar da ya ba ni har yanzu ban ɗinka ba.' Na ce atamfar mi? Ta ce ta aron ɗiyarta. Ashe ya aje ki wurin mai shayi a bakin hanya, ya tuɓe rigarki ya sa ma ɗiyar Yalwa. Ita da ke rugga can cikin daji, ko ƙurar dutse ba ta taɓa shaƙa ba. Ita anka soka ma allura. Da anka tambayi suna ya ce Muhsina."

Muhsina ta dubi Baffanta. "Don me?"

Ya share hannu da gefen labule. Labulen falonsa, mai tsada, da maiƙon rago.

"Don in an ga gubar a jininki, tunga za su biyo. In sun biyo, za su ga inji. Su rufe. Lokacin nan dutsen ya fara ba da kaya, kin san ko nawa nike samu a mako? Da mi kike tsammani anka ciyar da ku? Da mi anka kai ki makarantar kwana? Wanga kuɗi da za ki tuƙa jirgi da shi, daga ina ya hito? Daga wannan injin!"

"Sauran yaran an ba su magani?"

Maimunatu ta ce, "An ba su. Wasu har anka kwantar da su a Anka makonni."

"Ni fa?"

"Ke alewa anka ba ki."

Na tashi na je bakin taga. A tsakar gida ga tifar nan a tsaye. Mai zanen bai taɓa ganin jirgi kusa ba, ya yi masa fukafukai kamar na shirwa, ya sa wata mace tana leƙowa ta taga tana ɗaga hannu. Da na fara ganinsa har daɗi na ji. Yanzu sai na ga kamar an zana shi da kashin kaji.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Shekara da shekaru yarinya tana miƙo mini gefe ɗaya in ina magana, ni da sana'ata ke nan, in gane lasifikar da ta mutu cikin biyu tun daga bakin ƙofa. Ban gane ba. Na zauna ina cewa tana sauraren sama.

"Inna," muryar Muhsina ta yi ƙasa. "Da kika sani, me ya hana ki kai ni? Ai likitocin sun daɗe a nan."

Nan ne Maimunatu ta sunkuyar da kai.

"Na ce mashi zan kai ki. Ya ce in na kai ki za a kama shi, kuma in nemi mai ciyar da mu. Na dube ki, kina gudu, kina wasa, kin hi kowa kai a makarantar allo. Na ce ƙila Allah ya tsare. Kowace shekara sai in ce ƙila Allah ya tsare. Ran da kunka dawo daga Kaduna kika ce kunnen hagu, ban runtsa ba har yau."

"To ai ga shi ya tsare!" Halilu ya daka tsawa. "Ta mutu? Wa ya ce ma dalma ce ta taɓa kunnen? Likita ya rantse?"

"Bai rantse ba," in ji Muhsina. "Tambaya ya yi. Ni kuma na miƙa masa katin ƙarya da hannuna, ina murmushi."

Ta buɗe jakarta, ta ciro katin. Ya yi laushi don tsufa, ta naɗe shi a leda kamar laya. Ta ajiye shi a kan farantin, cikin ƙasusuwan kan rago.

"Baffa, ba ni takardata. Zan je da kunnena. In ya kai layi, alhamdu lillahi. In bai kai ba, a ba wanda ke ji."

Halilu ya koma ya zauna. Ya ɗauki tsinke ya fara sakace. Sai na ga yana murmushi, kuma murmushin ya fi tsawar ban tsoro.

"Wace takarda?"

"Ta asibitin kunne."

"Tana cikin jakar Fa'iza."

"To a kira Fa'iza ta kawo."

Ya duba agogon hannunsa. "Yanzu kam sun wuce Tsafe. Tun bayan sallar asuba direba ya ɗauke ta, ita da uwarta. Da takardar, da katin shaidarki na ɗan ƙasa, da hijabin nan naki ruwan toka. Ba shawara na kira ku ba, Kyaftin. Sanarwa ce."

Maimunatu ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Gobe war haka an gama. Ke dai ki zamna gida kwana biyu kada a gan ki a gari. Jibi takarda ta zo da hatimi, in biya kuɗin Zariya a gabanki. Shekara biyu, awa ɗari biyu a sama, a liƙa miki igiya a kafaɗa. Ba abin da kike so ke nan ba tun kina tuwon ƙasa?"

Shi ne abin da take so. Ni shaida ne. Ni na ƙera mata jirgin farko da gwangwanin madara da bututun biro. Na ga yadda take tashi karatu kafin kiran assalatu shekara uku. 

Ta ciro wayarta.

"Wa za ki kira?" in ji Halilu.

"Likita ya ba ni lambarsa. Ya ce in akwai abin da na tuna."

"Muhsina." Karo na farko ke nan da ya kira sunanta ranar. "In kin danna wanga lamba, ko sisina ba za ki gani ba. Ba Zariya, ba jami'a, ba komi. Ke da uwarki ku kwashe ku bar mani gida yau. Ki tambayi tsohon nan ko gyaran rediyo na sayen tayar jirgi."

Ta juyo ta dube ni.

Ina da ɗaki ɗaya da rumfa a bakin kasuwa, da rediyo goma sha ɗaya da masu su suka ƙi zuwa karɓa.

Na ce, "Amarya, ɗakina ƙarami ne, amma ba ƙura."

Ta dubi uwarta. Maimunatu ta miƙe, ta ɗauki jakar tafiyar ta rungume a ƙirji, ta tsaya a bakin ƙofa.

Muhsina ta danna.

A kunnen dama ta kara wayar, kamar yadda take yi tun ranar da ta fara riƙe waya, ba wanda ya taɓa tambayarta dalili.

Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Halilu ya ture farantin ya yunƙuro, ƙasusuwa suka watse a kan kafet. Na sa sandata na tare tsakaninsu.

Aka ɗauka.

"Salamu alaikum, likita. Muhsina ce daga Anka, mai kunnen hagu."

Ta ja numfashi.

"Akwai wadda za ta zo gwaji gobe da sunana. Ba ni ba ce."